Firjin da Ya Ƙi Mutuwa

Duk ranar Asabar Nevena takan durƙusa gaban firjinta da wuƙa da tukunyar ruwan zafi, ta yi ta sarar ƙanƙara har gwiwoyinta su sage. Tun tana da ƙuruciya take wannan aiki, ga shi yanzu kanta ya yi fari. Firjin yana daskarar da tumatir, yana barin madara ta lalace, in kuwa injinsa ya tashi sai kofuna su kama rawa a kan kantar kicin. Duk sanda ta ce a sayi sabo, amsar mijinta Lyuben ɗaya ce.

"Yana aiki."

A garinsu, Gabrovo, wannan magana ta fi hukuncin kotu. Abin da yake aiki ba a fitar da shi daga gida. Mutanen garin suna kiran wannan hikima, har tinƙaho suke yi da ita, kuma ba wanda ya taɓa tambayar gwiwar wace ce take ɗauke da hikimar.

Lyuben tsohon makaniken masaƙa ne, saboda haka firjinsa biyu. Na biyun yana baranda, gadon uwarsa, mai zagayayyun kafaɗu da mariƙi irin na ƙofar mota. A cikinsa ake jera kwalaben dakakken barkono na hunturu. Kowace shekara Lyuben yakan jona shi da wuta, ya kasa kunne, ya ji ya yi gurnani, ya cire. Shi ma yana aiki.

Sai ga Ralitsa, matar ɗansu Boyan, ta bugo waya daga birnin Sofiya. Tana haɗa kicin irin na da, abin da ake yayi ke nan yanzu. Ta samo tsohuwar rediyo da teburi mai ƙafar ƙarfe, saura tsohon firji, kuma ta ji ana cewa suna da biyu. Ralitsa yarinyar kirki ce, sai dai ba ta taɓa durƙusawa gaban ko ɗaya ba.

Lyuben ya yarda nan take. Ai ba zubarwa ba ce, canjin wurin aiki ne kawai.

Nevena ta yi murna har ta kai ga ajiye waya, daga nan ta zauna ta yi tunani. In Ralitsa ta ɗauki na baranda, na kicin yana nan. In ta ɗauki na kicin, Lyuben zai jawo na uwarsa ciki, wanda ya fi wancan tara ƙanƙara. Ko ta ina aka ɓullo, Asabar ɗinta tana nan yadda take. In ba duka biyun suka fita ba, babu abin da ya fita.

Ranar Lahadi Ralitsa da Boyan suka iso da motar kaya da direbanta. Ralitsa ta dubi na kicin don kada a ce ba ta duba ba, ta wuce baranda, ta dafe ƙirji.

"Wayyo, Mama, dubi kafaɗunsa! Kamar a fim!"

"Haka ne," in ji Nevena. "A fim ba a nuna ranar Asabar."

"Wannan nake so. Baba, ka bar mini shi?"

"Na bar miki. Ki kula da shi," in ji Lyuben. "Ya girmi mijinki, kuma ya fi shi juriya."

Nevena ta shiga kwashe kwalabe tana miƙa wa Boyan. Ba ta dubi kowa ba ta ce, "Boyan, in ya tsaya muku a can fa?"

"Sai a kira mai gyara."

"In mai gyara ya ce babu kayansa?"

"To, sai bola, Mama. Me za mu yi da shi?"

Lyuben yana naɗe wayar firjin, hannunsa ya tsaya cak.

"Me ka ce?"

"Baba, ai na ce in ya mutu ne."

"Firji ba ya mutuwa. Kashe shi ake yi."

"Ƙyale yara, Lyubcho," in ji Nevena, tana goge wata kwalba da tsumma. "Ina za su samu kayan gyaransa a Sofiya? Masana'antar da ta ƙera shi ma an mai da ita wurin wasan yara. Ya yi zamaninsa. Uwarka ma ba za ta ji haushi ba, tunda ba ta nan."

Lyuben ya shige kicin. Suka leƙa, suka ga ya ja firjin daga jikin bango, ya durƙusa, abin da Nevena ba ta taɓa ganin ya yi a wannan wuri ba. Ya daɗe yana haska bayansa da tocila, sannan ya fito da yanar gizo-gizo a gira.

"Injin wannan zai shiga wancan in an ɗan sassauta ƙarfe. Ku tafi da duka biyun. Ba a sallamar na'ura ba sifiyar kayan gyara."

"Baba, ina za mu sa shi?" in ji Boyan. "Gidan namu kamar akwati yake."

"Ba ku da baranda?"

"Akwai, amma Ralitsa ta sa furanni."

"Furanni," in ji Lyuben, kamar an gaya masa sunan wata cuta.

Ralitsa ta dubi surukarta tana neman ceto. Nevena ta ɗan ɗaga gira, ta dubi gwiwoyinta, ta koma goge kwalba. Sai yarinyar ta ce, "Furannin ma sun fara bushewa, Baba."

Aka sauke firji biyu daga bene, direba yana zagin matakala, Lyuben yana zagin direba. Da suka gama, Lyuben ya dawo ya tsaya yana kallon gurbin da aka bari a kicin, inda bangon ya yi baƙi.

"Kada ki damu," ya ce. "Stoyan yana da ɗaya a ƙauye, ya lulluɓe da tamfol. Bari in je gidansa mu yi magana kafin wani ya riga ni."

Stoyan ƙanensa ne. Nevena ta san firjin, kaji sun taɓa yin ƙwai a cikinsa.

"Je ka, tsoho. Ka gaishe shi."

Yana rufe ƙofa ta ɗauki rigar sanyi da jakarta. Ta samu motar ba ta tashi ba, ta buɗe gaba ta zauna kusa da direba.

"Mama, ina zuwa?" in ji Boyan.

"Akwai sauran wuri a baya?"

"Akwai kaɗan."

"Ya isa. Malam direba, bi ta babban kanti."

Ba ta tsaya zaɓe ba. Ta tambayi mai kanti wanne ne ba ya tara ƙanƙara, ya nuna mata wani fari, dogo, wanda ba wanda zai taɓa cewa kamar a fim yake. Ta ce a ɗora shi a mota, a kai gida.

Da yamma Lyuben ya dawo da albishir a bakinsa: Stoyan ya yarda, za a kawo ranar Laraba. Ya tarar da baƙo tsaye a gurbin. Ya zagaya shi, ya manna kunne a jikinsa, ya daɗe.

"Sun cuce ki," ya ce. "Ko numfashi ba ya yi. Gobe a mayar."

"Buɗe."

Ya buɗe. Fitila ta kama, sanyi ya bugi fuskarsa. Ya taɓa cuku, ya taɓa madara. Ya ɗauki tumatir ya matsa, ya ji shi da laushi, kamar tumatir.

"Yana aiki, Lyubcho," in ji Nevena.

Ba shi ya kafa dokar ba, gadonta ya yi, kuma bai san ta inda ake kewaye ta ba. Ya rufe ƙofar firjin a hankali.

Ranar Laraba na Stoyan ya iso, aka kai shi baranda, aka jera masa kwalabe. Lyuben ya jona shi, ya ji gurnani, ya cire, hankalinsa ya kwanta.

Ranar Asabar Nevena ta dafa ruwan zafi kamar kullum. Ta zuba shayi, ta ɗauko wuƙar nan ta yanka cuku, ta miƙe ƙafafunta a kan kujera.