Sarkin Faɗa

Firinta a naɗe cikin zani. Wayar wuta. Bandir ɗin takarda. Kular abincin asibiti. Da su ta shiga bas zuwa wurin mai gyara, injin a cinyarta, ya danne mata ƙafafu har ta sauka.

Gobe makarantar unguwa za ta fara jarrabawa, tambayoyin kuwa suna shagonta ba a buga ba. Hedimasta ya ce in aikin bai fito yau ba zai kai wani wuri, ba kuma zai dawo ba. Tun da maigidanta ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, makarantar kaɗai ke riƙe da shagon.

Mai gyara ya jona injin. Ɗan allon ya yi haske, rubutu ya fito: SANNU DA AIKI SARKIN FADA.

"Ranki ya daɗe, ashe sarauta gare ki."

"Faɗa ne. Injin ba ya lanƙwasa harafi."

Maigida ne ya rubuta, don tsokana, ranar da suka sayo shi. Yanzu baki ya karkace, magana ta ɗauke. Nan kaɗai yake kiranta da sunan.

Mai gyara ya buɗe, ya girgiza tona, garin tawadar injin, ya hure ƙura. Injin lafiya lau, in ji shi. Saitin ne ya rikice, yana neman wata takarda mai girman da ba a sayarwa a nan. Wurin gyara saitin kuma a kulle yake da lambar sirri.

Ta gwada shekarar aurensu, da ta haihuwar yara. Dama ta san da kullen, da safe ma ta tambayi maigida, mai lambar, a gadon asibiti. Ya yi ta kokawa da leɓɓansa, yawu ne kawai ya zubo.

Hanya ɗaya ta rage, in ji mai gyara: a mayar da injin yadda ya fito daga kamfani. Lambar za ta goge, komai zai goge, har gaisuwar. Amma kada ta damu, zai sake rubuta mata.

"In kai ka rubuta, ai zagi ne."

Ya ɗora yatsa kan maɓalli yana jira. Miya ta fara huce wa a kula. Ta ɗauke ta, ta fita, ta ja ƙofar gilashin ta rufe. Daga waje ta ɗaga murya.

"Goge. Ka bar allon haka nan, ba rubutu."