Doguwar Madalla

Da son ran Yaya ne, ko hanyar laburaren nan ba za ta bi ba. Amma Inna ta kafe tun safe sai an kai ta ta ga autanta yana magana a gaban jama'a, kuma in Inna ta ce sai an kai ta, to a nemo mata takalmi kawai. Haka Yaya ta riƙo tsohuwar suka hau matakalar a hankali, Inna tana nishi, ita tana tsaki a cikinta.

Laburaren unguwa ne, ɗaki guda mai tsawo. An ture teburan karatu gefe, an jera kujerun roba a tsakanin kantocin littattafai. Fanka ɗaya tana juyawa da ƙyar tana ƙara, ɗayar kuwa ta daɗe da mutuwa. Duk ƙarshen wata mai kula da wurin takan gayyato marubuci ya karanta wani abu daga littafinsa, a yi masa tambayoyi, a watse. Baƙon yau ƙanin Yaya ne, Auta, wanda ya rubuta littafi a kan jinyar mahaifinsu, littafin kuma ya karɓu har ana rububinsa.

Yaya ta karanta shi. A tsaye ta karanta shi a kicin, da ta kai ƙarshe ta je ta wanke hannunta da sabulu. A cikin littafin, Auta ne ke ɗaga Baba, shi ke juya shi, shi ke wanke masa jiki, shi ke shanya zannuwan gado. Ita kuwa layi ɗaya ta samu: "yayata, wadda takan leƙo in ta samu sarari." Takan leƙo! Ita da ta ajiye aikin koyarwa ta dawo gida da akwatinta. Ita da fatar hannunta ta tsattsage saboda ruwan wanki, ta yi shekaru ko ta yi wanka sai ta ji kamar warin ɗakin yana binta. Wai takan leƙo.

Mutanen gari ba su dame ta ba, su je su yi ta tafa masa. Inna ce damuwarta. Baba ya rasu, Inna kaɗai ta rage da ta ga abin da aka yi a ɗakin nan. Ga shi idonta ya yi rauni ba ta karanta littafin ba, ga mantuwa ta fara taɓa ta, ga shi tun Auta yana goye bai taɓa yin laifi a wurinta ba. In ta ji ƙaryar nan yau ta gyaɗa kai, shi ke nan, shekarun Yaya sun bi ruwa, ba ta da sauran shaida a duniya.

Ga Auta can a gaba, ya sha farin yadi, ƙamshin turarensa har layin baya. Da ya hango su sai ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna. Inna ta washe baki.

"Kin ga yadda ya yi kyau?" in ji ta.

"Na gani, Inna."

Mai kula da laburaren ta gabatar da shi, ta jero masa kirari har da "ɗa na gari abin koyi." Ya karɓi makirufo, ya lashi yatsa, ya buɗe shafi. Muryar ma ba tasa ba ce, wata ya aro mai rawa-rawa, irin ta mai shirin kuka.

Ya fara da yadda ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta ɗauke, kalma ɗaya tak ta rage a bakinsa: madalla. Wannan kam gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba, don bai zauna ya sani ba, shi ne madallar Baba iri-iri ce. In ya faɗe ta gajeriya, ƙishirwa yake ji. In ya maimaita ta da sauri, gefen da yake kwance ya gaji, a juya shi. In kuwa ya rufe ido ya ja ta, madallaaa, to ya ɓata jikinsa ke nan, kunya ce ta sa shi rufe idon. Kowa a gidan ya san wannan. Inna takan ɗaga murya daga bakin ƙofa ta ce, "Doguwa ce, a ɗora ruwa."

Auta sau ɗaya ya taɓa zama a ɗakin. Ya zo da ledar lemo, ya ɗosana a bakin kujera, bai daɗe ba Baba ya rufe ido ya ja doguwa, Inna ta ce a ɗora ruwa. Kafin Yaya ta ɗaga zanen, gogan naka ya toshe hanci da hankici ya yi waje, tana jiyo shi yana tofar da yawu a bakin rariya. Daga nan ya ce ana kiransa a waya. Tun ranar, gaisuwa daga bakin ƙofa.

"Ranar ƙarshe," Auta yake karantawa, "na gama shafa masa mai, na riƙe hannunsa. Sai ya rufe ido, ya sa mini albarka da kalmar da ta rage masa." Ya ɗaga kai daga littafin, ya lumshe ido, ya ja ta yadda ya taɓa ji. "Madallaaa."

Yaya ta gane ta nan take. Doguwar ce. Ita kaɗai ya taɓa ji, ita ya ɗauko ya yi wa kansa rawani da ita. Wata mata a gabansu ta fashe da kuka tana fyace majina a gefen mayafi. Wani dattijo yana ta girgiza kai yana cewa, "Allah sarki, Allah sarki." Tir! Yawu ya taru a bakin Yaya, ta rasa inda za ta zubar, ta haɗiye.

Ta saci kallon Inna. Tsohuwar ta karkata kunnenta mai ji sosai wajen lasifika, fuskarta ba ta nuna komai ba.

Aka zo tambayoyi. Wata ɗaliba ta miƙe da littafin a ƙirjinta.

"Malam, don Allah yaya ka iya jure ƙazantar jinya? Ni ko asibiti na shiga sai na yi amai."

Auta ya yi murmushin tausayi. "Ƙanwata, in kina ƙaunar mutum, hancinki ma daina aiki yake yi."

Aka tafa. Wani malamin makaranta ya tashi ya yi dogon sharhi a kan yadda kalma ɗaya ta ɗauke nauyin littafi gaba ɗaya, ya ce shi a ganinsa jan da aka yi wa wasalin ƙarshe alama ce ta albarka marar yankewa. Albarka marar yankewa! Da ya taɓa tsayawa da bokiti a bakin gadon nan, da ya san abin da ba ya yankewa.

Haƙurin Yaya ya ƙare. Ta ɗaga hannu, ta yunƙura za ta miƙe. Sai ta ji hannun Inna a kan gwiwarta, ya danne ta da wani ƙarfi da ba ta san tsohuwar tana da sauransa ba.

"Zauna," in ji Inna, ba ta ko kalle ta ba.

Ta zauna. Abin da take gudu ke nan. Ko yau ma autan za a rufa wa asiri, ita kuma ta ci gaba da zama mai leƙowa. Idonta ya ciko, ta kafa shi a kan wani tsohon ƙamus da bangonsa ya ɓare, don kada ta yi kuka a ɗauka littafin ne ya taɓa ta.

Mai kula da laburaren ce ta lura da hannun da aka ɗaga. Auta ya raɗa mata wani abu, sai ta yi farat ta ce, "Jama'a, ashe mahaifiyar marubucinmu tana tare da mu! Mama, ko za ki sa mana albarka da kalma ɗaya?"

Aka miƙo makirufo hannu zuwa hannu har layin baya. Inna ta dafa kafaɗar Yaya ta miƙe. Ta riƙe abin nesa da bakinta kamar mai zafi.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Kunnena ba shi da kyau. Ka ce kai ne kake wanke shi?"

Ya ɗan yi dariya, ya kalli jama'a. "Inna, ai kin san shi rubutu..."

"Na ji. Me ka ce ya ce maka?"

Ya gyara tsayuwa ya maimaita, amma wannan karon muryar ba ta yi rawar ba.

Inna ta daɗe tana kallonsa, tun daga hular har takalmin. Sannan ta rufe idonta, ta ja ta, yadda ta sha jin ta daga bakin mijinta.

"Madallaaa."

Ɗakin ya kaure da tafi. Matar gaban ta sake ɓarkewa da kuka, malamin makarantar har da miƙewa tsaye. Auta ma ya fara murmushi, sai murmushin ya tsaya a rabi. Yaya tana kallonsa lokacin da abin ya faɗo masa: kujerar, ledar lemon, muryar Inna daga bakin ƙofa tana cewa a ɗora ruwa. Hannunsa ya tafi aljihu ya zaro hankici, ya tsaya riƙe da shi bai san me zai goge ba.

Inna ba ta lura makirufon yana hannunta ba, ko kuma ta lura. Ta juyo wajen Yaya ta kama hannun nan mai kaushi, ta riƙe shi gam.

"Tashi mu tafi gida, uwata," ta ce. "Ke kin wanke naki. Wannan kuwa sai ya wanke kansa."