Abin da Gangar Ya'u Ta Danne

A ƙauyenmu Furana, in ana zancen kunne to Ya'u Mai Ganga ake nufi. Mutum ne da zai tsaya a bakin gona ana gayya, garemani birjik suna cin ƙasa, ya ɗaga gula, sandar kiɗansa, ya ce, "Garmar Bobbo ta dakushe," a je a duba a tarar haka ne. Daga bayan danga yana gane tafiyar jakin kowa. Abin ya hau masa kai, ba ƙarya, don ko labari ka kawo masa sai ya ce ai ya jiyo shi tun yana bakin wanda ya gaya maka. Muna yi masa dariya, muna kuma gayyatarsa, domin gayyar da ba gangar noman Ya'u, aikin wuni sai ya kai gobe.

A wata damina, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, wani saurayi mai suna Nehemiya ya zo daga Zariya a kan babur. Mutumin kudancin lardi ne, yana aiki a wani ofishi da ke tattara kaɗe-kaɗen gargajiya. Ya zo da rikoda, akwati mai faifai biyu da ke juyawa suna naɗe sauti a jikin siririn zare. Ranar ana gayya a gonar Sama'ila da ke bakin fadama. Nehemiya ya kafa makirfo ɗaya kusa da ganga, ya ja waya mai tsawo ya ɗaure ɗayan a jikin wani marke can gefen fadama, wai don ya kama ƙarar garemani da amshin manoma. Da aka tsaya hutu ya kunna musu ta 'yar lasifikar da ke jikin akwatin. Ya'u ya saurara, ya yatsine fuska.

"Wannan ba gangata ba ce, Malam Nehemiya. Gwangwani ne yara ke bugawa a cikin rami."

Aka tuntsire da dariya. Nehemiya ya ji haushi, ya ce wata rana zai dawo da abin da zai rufe wa Ya'u baki. Ya ɗauki sauran kiɗan har azahar, ya ga hadari ya haɗo, ya naɗe wayoyinsa ya kama hanyar Makarfi kafin rafi ya kawo.

Bai san abin da ya bari a baya ba. Da yamma aka nemi Zulai, 'yar farin Ya'u, wadda uwarta Lantana ta aika da ƙwaryar fura tun kafin rana ta take. Yarinyar ta yanke ta fadama don ta rage hanya, ta faɗa tsohuwar rijiyar noman rani da ciyawa ta rufe. Ƙwaryar aka fara gani tana yawo a kan ruwa. Tsakanin rijiyar da inda Ya'u ya wuni yana kiɗa, jifa ɗaya ne na yaro mai ƙarfi.

Ya'u bai yi kuka ba. 'Yar fari ce, kuma kunya ba ta barin uba ya nuna. Ko tana da rai bai taɓa kama sunanta ba, "ke" ce ko "yarinyar nan", in kuma ta kira shi a gaban mutane sai ya kau da kai kamar ba da shi take ba. Ya karɓi gaisuwa a zaure yana cewa haƙuri ya zama dole. Sai bayan an share makoki Lantana ta yi masa tambaya ɗaya, tana kallon ƙasa.

"Malam, ba ta kira ba?"

"Wallahi da ta buɗe baki ko sau ɗaya, da na ji," in ji Ya'u. "Kin san kunnena. Ruwan ya ɗauke ta nan take, ba ta sha wuya ba."

Da wannan rantsuwa Lantana ta koma cin abinci. Da ita Ya'u ya sake rataya ganga. In baƙin ciki ya taso mata tana daka, sai a ji ta tana gaya wa kanta, "Ba ta sha wuya ba." Duk gidan a kan maganar nan yake tsaye, kuma kowa a Furana ya san haka.

Da kaka, an gama yankan dawa, sai ga babur ɗin Nehemiya da hantsi. Aka shimfiɗa masa tabarma a zauren Ya'u, Sama'ila da 'yan maƙwabta suka shigo. Aka gaisa gaisuwa mai tsawo.

"Ya gida, Malam Ya'u? Ya iyali?"

"Lafiya lau."

"Ya yara?"

"Duk lafiya, alhamdulillahi."

Mu dai haka muke. Mutum zai fito daga maƙabarta da ƙasa a gwiwarsa, ka tambaye shi gida ya ce maka lafiya lau. Da mutum ɗaya a zauren nan ya buɗe baki ya ce, "Ai bayan tafiyarka an yi rashi," da abin da ya biyo baya bai faru ba. Amma wa zai tari baƙo da mutuwa tun bai sha ruwa ba? Kowa ya bari sai an jima.

Nehemiya kuwa ɗoki ya hana shi jimawa. Ya buɗe wani ƙaramin akwati mai shimfiɗar ƙyalle a ciki, ya ciro wani abu da hannu biyu kamar jariri. Wasu baƙaƙen ƙoƙuna ne guda biyu, an haɗa su da lanƙwasasshen ƙarfe mai rufin fata, bakin kowanne da matashi mai laushi, ga waya mai kauri tana reto.

"Hedifon ke nan," in ji shi. "Daga Turai aka aiko wa ofishinmu, bai daɗe da zuwa ba. Wanda nake da shi ran nan tsoho ne, kunne ɗaya ma ya mutu, allurar akwati mai nuna ƙarfin sauti kawai nake kallo. Wannan kuwa, Malam Ya'u, abin da makirfon dama ya ji yana kai shi kunnen dama, na hagu ya kai hagu. Ba ya ƙari, ba ya ragi. Yau za ka janye maganar gwangwani."

Ya'u ya juya abin, ya shinshina fatar, ya latsa matashin da ɗan yatsa. "Aikin dukanci dai ya yi kyau," ya ce. "Saura mu ji ko yana da baki."

Ya tuɓe hula, Nehemiya ya ɗora masa. Abu na farko da ya ba shi tsoro shi ne shiru. Kajin tsakar gida suka ɓace, sakainar da Lantana ke kankare tukunya da ita ta ɓace. Yana ganin bakin Sama'ila yana motsi, ba ya jin komai sai haɗiyar yawunsa. Tunda aka haife shi duniya ba ta taɓa yi masa shiru haka ba. Ya kai hannu zai cire, Nehemiya ya yi masa alamar ya dakata, ya murɗa maɓalli, faifan suka fara juyawa.

Sai ga damina ta shigo masa kai. Ya'u ya ɗaga ido ya dubi rufin zaure, don ya ji rugugin hadari can nesa ta bayan ƙeyarsa. Sannan ganga ta faɗo a kunnen dama, tasa, ba ta wani ba, da nauyinta da ke sauka har ciki, da 'yar karkarwar tsirkiyar da ke kwance a kan fata. Ya ji zobensa yana taɓa icen ganga. Ya ji numfashin da yake ja kafin ya yi kirari, abin da bai taɓa sanin yana da ƙara ba. A kunnen hagu garemani suna shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa, kowace da muryarta, ƙasar tana juyewa tana faɗuwa da taushi. Ga kwaɗin fadama. Ga iska a cikin ganyen marke.

Ya washe baki, ya yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa. "Kai! Ga Bobbo can da dakusasshiyar garmarsa! Sama'ila, ga tarinka, wallahi kamar in miƙa maka ruwa!" Zaure ya kwashe da dariya. Ya shiga kaɗa kai, yatsunsa suna bin kiɗan a kan cinya. Rabon da a ga haƙoransa haka tun kafin rasuwar. "Na janye, Malam Nehemiya. Wannan abu ya fi ni kunne. Ya fi ni, na yarda."

Yana cikin faɗin haka yatsunsa suka tsaya.

A can ƙarshen kunnen hagu, bayan garemani, bayan kwaɗi, akwai wata 'yar siririyar murya. Ganga ta sauka ta rufe ta. Ganga ta ɗaga, ta sake fitowa. Ya danna ƙoƙon hagu a kunnensa da tafin hannu.

Nehemiya ya ga ya yi tsit, ya ɗauka daɗi ne ya kashe masa jiki. Ya juya ga mutanen zaure yana murmushin wanda ya ci gardama.

"Ya iso wurin ke nan. Akwai wata yarinya can nesa tana ta kiran babanta. Na saurari faifan nan ta lasifika ban san iyaka ba, ban taɓa jin ta ba sai da wannan ya zo. Kun ga bambancin abu mai kyau? Ta daɗe tana kira kuwa, ko wane ne uban, ya sha kira."

Ba wanda ya yi dariya. Sama'ila ya ce, "Inna lillahi," a hankali, ya miƙa hannu yana nuna akwatin. "Kashe. Don Allah kashe, ɗan nan."

Nehemiya ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, murmushin ya bushe masa. Ya kai hannu ga maɓalli, Ya'u ya cafke wuyan hannunsa. Hannun makaɗi ne, Nehemiya bai iya ko motsi ba.

"Baba," in ji muryar. "Baba."

Ba kiran wasa ba ne. Akwai amsa-kuwwar rami a jikinsa, da ƙarar ruwa ana fantsalawa. Abin nan na Turai bai rage masa komai ba, kamar yadda aka yi masa alkawari. Ya ji inda ta haɗiyi ruwa ta yi tari, ta sake tattaro ƙarfi. Ya ji ta gwada kiran innarta, ta dawo kansa, don shi ne take jin gangarsa a kusa.

Sai aka zo wurin da ganga ta tsaya. Ya tuna wurin sarai. Nan ne ya ɗaga gula ya tsaya yi wa Sama'ila kirari, manoma suka dakata suna jira. A cikin wannan ɗan shirun muryar ta fito fes, ita kaɗai, ta kira shi da duk abin da ya rage mata. A kunnen dama kuma ya ji kansa, Ya'u mai kunnen Furana, yana jan numfashi, yana dariya, sannan ya saukar da gula da ƙarfin da ya fi na da. Manoma suka ɗauki ihu.

Baƙin ciki irin wanda bai taɓa sanin akwai shi ba ya danne masa ƙirji. Rantsuwarsa ƙarya ce. Yarinyar ta sha wuya, ta daɗe tana sha, shi kuma yana tsaye jifa ɗaya da ita yana wasa mutane.

"Na'am," in ji Ya'u.

Da ƙarfi ya faɗa, don ba ya jin muryarsa. Mutanen zaure suka sunkuyar da kai.

"Na'am, Zulai. Ga ni nan. Zulai, riƙe ciyawar, ga ni nan!"

Sunan da bai taɓa fita daga bakinsa ba ya ratsa zaure ya shiga tsakar gida. Ƙarar sakaina a jikin tukunya ta tsaya. Aka ji takun ƙafa, sannan asabarin ƙofar ciki ya motsa. Lantana, wadda ba ta taɓa leƙo zaure da maza a ciki ba, ta tsaya a bakin ƙofa da baƙin tukunya a hannuwanta, ko mayafi babu.

"Malam," ta ce, "wa kake amsa wa?"

Bai ji ta ba. Idonsa a rufe, hawaye suna bin gefen matashin fata, yana ta danna ƙoƙon hagu, don muryar ta fara yin ƙasa, kiran yana nisa da juna. Ganga kuwa tana ta ci a kunnen dama, ba ta taɓa yin daɗi irin na ranar ba.

Lantana ta dubi Sama'ila, ya kau da kai. Ta dubi faifan da ke juyawa, ta bi wayar da ido har zuwa kan mijinta. Ba wanda ya yi mata bayani, ba ta kuma nema ba. Ta tako cikin zauren, ta durƙusa a gaban Ya'u, ta goge hannuwanta a jikin zane.

Zaren ya ƙare, bakinsa ya shiga karkaɗawa a jikin faifai. Ya'u ya buɗe ido ya gan ta. Ya saki hannun Nehemiya, ya riƙe ƙoƙunan biyu gam a kunnuwansa, yana girgiza mata kai.

Ita kuwa sai ta juya ga Nehemiya, ta miƙa hannu biyu.

"Mayar da shi farko," ta ce. "A ba ni in ji 'yata."