Ruwan da Ya Ƙi Zuwa Kogi

A ja na uku injin ya tashi. Malam Halliru ya saki igiyar, ya goge hannu a wando, ya tsaya da hannaye a baya kamar yadda ya saba tsayawa gaban allo. Ruwa ya bulbulo daga bakin tiyo ya zuba cikin hanyar da ya sa aka haƙa, wadda ta miƙe sak daga rijiya ta nufi kogi, fangalin albasa arba'in jere a hagu da damanta.

Ruwan ya yi taku biyar ya tsaya, kamar wanda ya manta wani abu a gida. Sai ya juyo ya kewaye ƙafafun Malam.

Halliru ya dubi takalmansa. Ya dubi kogi. Ya sake duban takalman.

Shekara ashirin da biyu yana koyar da kimiyya a wata sakandare a Malanville, kuma ba darasin da yake ji da shi kamar na ƙarfi huɗun da ke riƙe da duniya. Biyu suna can cikin ƙwayar zarra inda ba mai ganinsu, ɗaya na lantarki ne, na huɗu kuwa, jan ƙasa, shi ne raggonsu. Yakan ɗaga alli ya ce wa ɗalibai, "Duniya da duk girmanta tana jan wannan, ni kuwa da yatsu biyu na ƙwace shi." Da ya zo tsara lambun nan na Madécali, bai ɓata lokaci ba. Ruwa gangare yake bi, kowane ruwa kogi yake nufa, don haka a haƙa rijiya a can nesa da kogi, jan ƙasa ya yi sauran aikin kyauta. Har da zane ya yi a takarda.

Dashen ba nasa ba ne. Na surukarsa ne, Inna Marka. Irin albasar marigayi mijinta ne, ja mai jure ajiya, wanda shekara talatin ana tsamo shi daga gona ɗaya ba a taɓa haɗa shi da na kasuwa ba. Bana ƙafa ta hana ta aiki, sai ta tattara dashen gaba ɗaya ta ba mijin 'yarta Husaina, tunda shi ne mai ilimi a dangi. Jiya da yamma aka dasa, aka ɗan yayyafa masa ruwa. In bai sha ba kafin rana ta take, irin ya ƙare ke nan.

Tsohuwar tana zaune a tabarma ƙarƙashin dogon yaro, butarta a gefe. Ba ta duba inda yake ba. Tun ranar da ya auri Husaina ba ta taɓa kiran sunansa ko yi masa magana ido da ido ba.

"Malam," in ji Husaina a hankali, "ruwan nan baya yake yi."

"Na gani."

"Haka aka tsara?"

Ya ƙara wa injin wuta. Ruwan ya ƙaru, tafkin da ke ƙafafunsa ya faɗaɗa, ya ɓalle gefen hanya ya gangara cikin ciyawa, ya juya wa kogin Neja baya kamar sun yi faɗa.

Manzo, mai lambun da ke maƙwabtaka, ya tsallako shinge da fartanya a kafaɗa. Ya dubi tafkin.

"Malam, kifi za ka kiwo?"

"Manzo, ƙasar nan tana da matsala. Ya kamata ta gangara zuwa kogi."

"Wa ya gaya mata?" Manzo ya nuna bakin ruwa da fartanya. "Can ne tudu. Duk shekara in kogi ya cika, laka yake zubarwa a bakinshi, tana hawa bisa ta bara. Ba ka lura in ambaliya ta zo ta bayanmu take fara shigo muna ba? Rijiyarka a gindin kwari ka haƙa ta."

Halliru ya duba hagu da dama. Filin a idonsa shimfiɗe yake kamar tabarma. Bambancin bai wuce kamu biyu ba, amma ruwa bai yafe ko ɗaya ba.

"Kowa ya san haka?"

"Jakina ma ya sani."

A nan ne ya tuna. Ranar da yake kafa turaku da igiya, takardarsa a hannu, Inna Marka ta dogara sanda ta zo tsakiyar filin ta tsiyaye ruwan butarta a ƙasa, ta tsaya tana kallonsa. Ta matsa gaba ta sake. Ta zo daf da ƙafarsa ta yi na uku. Shi kuwa ya ja Husaina gefe ya ce ta lallashi Inna ta bar zuba wa iskoki ruwa, wannan camfi ne, kuma ga mutane suna kallo.

Ya ji kamar ya zauna cikin tafkin.

"Tsayuwa ba ta shayar da albasa," in ji Manzo. "Kashe injin."

Suka jona tiyon Manzo da nasa suka ja shi zuwa tudu, don inji ya tura ruwan sama ya gangaro da kansa. Tiyon ya ƙare saura fangali goma sha biyu, waɗanda ke can bakin kogi. Su kam sai da bokiti.

Husaina tana buɗe bakin fangali, Manzo yana datse ruwa, Malam Halliru yana jido. A bokiti na goma ya cire riga. A na talatin ya bar ƙirga. Duk takun da ya yi zuwa tudun da idonsa ba ya gani, cinyoyinsa suna ganinsa sarai. Ya tuna allin da yatsu biyu. Bai taɓa gaya wa ɗalibai cewa raggon ba ya gajiya ba, don shi ma bai sani ba sai yau.

Ana kiran azahar fangali uku na ƙarshe suka kwanta, ganyensu ya manne da ƙasa kamar zare. Manzo ya taɓa su ya girgiza kai. Sauran talatin da bakwai sun sha, sun ɗago.

Halliru ya ja ƙafa zuwa inuwa, ya durƙusa nesa da tabarmar, idonsa a ƙasa.

"Husaina, ki ba Inna haƙuri. Uku sun tafi. Ki tambaye ta, don Allah, me ya sa ba ta faɗa ba."

Husaina ta juya ga uwarta, wadda ke taku biyu daga gare shi kuma ta ji komai. "Inna, Malam ya ce..."

"Ki ce mishi na faɗa," in ji tsohuwar, tana kallon kogi. "Sau uku na faɗa. Shi yac ce da iskoki nike magana."

Manzo ya shiga tari.

Inna Marka ta tura butar da ƙarshen sandarta har ta taɓa gwiwar Husaina. Husaina ta ɗauka ta miƙa wa mijinta. Ya karɓa da hannu biyu. Ya san ba don alwala aka ba shi ba.

Ya tsiyaya kaɗan a gabansa. Ruwan ya taru, ya yi ƙyalli, sannan wani siririn harshe ya fito ya rarrafa tsakanin tsakuwa.

"Ki tambaye shi ina ruwan ya nufa," in ji Inna Marka.

"Ki ce mata baya," in ji Halliru. "Wajen rijiya."

Tsohuwar ta gyara mayafinta. "Ki ce mishi ya riƙe butar. Baɗi ma shi za ni ba dashen."

Halliru ya yunƙura zai miƙe ya yi godiya, bayansa ya ƙi. Sai ya yi ta daga durƙushe.