Direban Da Ba Ya Kallon Mata

Daga bakin matar Fasto maganar ta fito, kafin a tashi sujada ta zagaye coci: wai direban motar ikilisiya ya kai matsayin da ba ya kallon mace. Wai 'yar mawaƙan nan mai rangwaɗa ta gifta ta gabansa da matsattsiyar riga, ko ƙifta ido bai yi ba. Wai kuma ba ya tayar da mota sai matarsa na zaune a gefensa, don kada Shaiɗan ya sami kujera. Fasto har wa'azi ya yi a kansa, ya ce matasa su koyi tsare ido.

Mama Nas ta ji duka, ta taɓe baki. A zamanin da take aikin asibiti ta ga dattawan coci kwance ana yi musu ƙarin ruwa, rai a maƙogwaro, ido kuwa na bin 'yan matan da ke raba magani. A iya saninta, namiji ba ya daina kallo sai an ja masa mayafi har ka.

Da ta ƙyale, don tsarkin wani ba ya hana ta barci. Sai dai shi aka zaɓa ya kai zumuntar mata babban taro, tafiyar yini guda ta hanyar duwatsu, mazajensu kuma sun saki jiki tunda direban waliyyi ne. Matarsa ba za ta je ba, 'yarsu ta haihu. Kujerar gaba Mama Nas aka ba saboda ciwon gwiwa, wato in wani abu ya faru ita za ta fara gaisawa da gilashi.

Ana gobe tafiya ta same shi a bayan coci yana goge mota. Ta ɗauro ɗankwali ja kamar gobara, ta tsaya gabansa ba ta ce uffan ba. Ya yi ta murza ƙofar da tuni take ƙyalli, ga taɓo kaca-kaca a gefenta bai taɓa ba. Ta koma kusa da gangar ruwa ta yi gyaran murya.

"Sannu da zuwa, 'yar'uwa," ya ce wa gangar, kai a sunkuye.

"Wace 'yar'uwar?"

"Au, Mama ce! Ai ban duba ba. Kin san idona na ba Ubangiji."

"Ka ba shi, ko dai ya karɓe abinsa? Ni da na kusa haifarka, wace jaraba ta rage a jikina? Ɗago ka dube ni."

"Mama, Shaiɗan ba ya tambayar shekaru."

"Madalla, yau na sami mai yaba ni. To yaya ka ga farin ɗankwalin nan? Na taro ne."

"Ya yi kyau. Fari tas, kamar zuciyarki."

Ta cafki haɓarsa, ta juya fuskarsa wajen rana, ta ɗaga fatar idon da babban yatsa, na dama sannan na hagu. Tsumman hannunsa ya faɗi ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Matar taka fa?"

"Ita ke cewa hagu, dama, taka birki."

"Gobe wa zai ce?"

"Na yi addu'a a kai. Sai kuma na ji an ce ke za ki zauna gaba."

"Ni? Ni da nake minshari tun ba a fita gari ba?"

Ya riƙe gefen motar. "Ki rufa mini asiri, Mama. Ba ni na faɗa ba, su suka faɗa, ni dai ban musa ba. Yanzu samari har layi suke yi in ɗora musu hannu. Da wane baki zan ce musu ba haka ba ne?"

"Da bakin da kake cin abinci. Ƙaramin aiki ne, a cire maka yanar idon ka koma kallonka kamar kowane Kirista."

Ta zare mabuɗin daga jikin ƙofar. Ya miƙa hannu zai tare ta, ya damƙi madubi.

Fasto na ofis da matarsa suna shirya littattafan waƙa na tafiya. Mama Nas ta ajiye mabuɗin a kan tebur.

"Lafiya, Mama?" in ji Fasto. "Ina waliyyin namu?"

"A nemo wani direban," ta ce. "Wannan, yanar ido ce ta rufe masa ido biyu. Ba mata kaɗai ba, hanyar ma ba ya gani."