Bampir Mai Sitiyari

Duk Zango babu wanda bai san rumfar Kyari Mai Jirgi ba. Abincinsa a gwangwani yake, yana yanka na sardin da na madara ya haɗa fitilu da mazurari. Amma in ka ɗaga kai, jirage ne ke lilo a jikin azara, ƙanana kamar tafin hannu, an like su da darma an shafe su da fenti. Shekara shida ke nan da ya baro soja, inda ya yi aiki a wani filin jiragen yaƙin Faransa a ƙasar Maroko. Ya ce wa kowa makanike ne shi a can, kuma da wannan suna yake zama a bencin gaba a gidan tsofaffin soja. Mutumin ba shi da gona, ba shi da ɗa, sunan nan shi ne duk abin da ya tara.

Kada ka kuskura ka taɓo masa zancen jirage in kana sauri. "Sifitfaya, kai, wannan jirgi ne mai mutunci," in ji shi. "Sai ya yi tari sau biyu, farfela ta juya, ka san za shi tashi ka kauce. Amma da aka kawo Bampir mai wutsiya biyu, shi ke nan. Ba farfela, ba sallama, sai fito da warin kananzir, ya ƙone ƙasa a bayansa." Yana zaginsa, amma shi ya fi ƙerawa.

Mutum ɗaya ne ba ya iya jin wannan hira, Sarjan Habu mutumin ƙauyen Dogo. Sojan ƙasa ne, ya bar yatsu biyu a yaƙin Indoshin. Ƙanensa Suma'ila tare suka tafi Maroko da Kyari, bai dawo ba. Kyari ne ya kai akwatinsa Dogo, ya durƙusa gaban tsohuwarsu Inna Kaltuma ya ce ɗanta babban makanike ne, nasara ba sa tashi sai ya duba musu inji, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi. Tun ranar tsohuwa ke aiko wa Kyari gyaɗa duk kaka. Habu kuwa ya tsane shi tsana ta gaske. Ya tsane shi don ya dawo da ƙafafunsa, ya tsane shi don mai like gwangwani na zama gaban mazan da suka zubar da jini.

Ana saura kwana uku bikin ƴancin kai, a daminar 1960, tsofaffin soja suka taru da la'asar. An riga an yanke cewa babban Bampir ɗin Kyari za a ɗauka a gaban jerinsu. Wata biyu yana aikinsa, tsawonsa kamu biyu, har da murfin matuƙi da ya yanko daga kwalba. Ya ɗora shi kan tebur, mutane suka yi ta kai, kai, kai.

Habu ya taso a hankali, yana wani murmushi da bai yi wa Kyari daɗi ba. Ya leƙa cikin murfin.

"Malam makanike, mene ne wannan a gaban matuƙi?"

"Abin tuƙi ne, Sarjan. Ko idon ma a Indoshin aka bar shi?"

"Sitiyari ke nan, irin na kamiyon, motar ɗaukar gyaɗa?"

"Da me kake so a tuƙa shi, da linzami?"

Aka yi dariya. Habu bai yi ba. Ya zaro wata takarda daga aljihu ya shimfiɗa a tebur. Shafin mujallar nasara ne, an ƙunsa wa matarsa sabulu da shi a kanti, ga hoton cikin jirgin yaƙi ɓaro-ɓaro. Babu sitiyari ko na magani, sanda ce guda a tsaye tsakanin gwiwoyin matuƙi.

"Ku matso ku gani," in ji Habu. "Na kai wa maitir na lakwal, malamin makarantar boko, ya karanta mini, ya ce wannan Bampir ne. Shekara shida wannan maƙaryaci yana cika mana kunne! Makaniken da bai taɓa leƙa cikin jirgi ba! Kai Kyari, rantse da Allah ka taɓa hawa ko tsaninsa."

Wallahi gara a mari mutum a kasuwa. Kyari ya dubi fuskokin da ɗazu suke kai, kai, ya ga duk sun sunkuyar. Zai iya cewa akwai iri biyu, wasu ma da sun yarda. Amma rantsuwa aka ce, shi kuma bai taɓa rantsuwa kan ƙarya ba.

"Ban taɓa hawa ba," in ji shi.

"To me kake yi a can? Wanke tukwane?"

"Wanke jirage. Da tsumma da bokiti."

Habu ya tafa hannu ya juya ga jama'a. "Kun ji! Ɗan tsumma! Tashi ka koma benci na baya, ka kwashe tarkacenka. Kai ko kunya ba ka ji, ka haɗa kanka da Suma'ila? Ƙanena makanike ne, kai kuwa ko takalminsa ba ka isa ka goge ba."

Da Habu ya tsaya a ɗan tsumma, da Kyari ya haɗiye ya tafi. Wannan ta ƙarshe ce ta kwance shi. Zuciya ta ɗebe shi, ya kama jirgin da hannu biyu ya kifar da shi, murfin kwalbar ya fashe a tebur.

Mutane suka matso suka leƙa. Saman jirgin aikin gwangwani ne kawai, amma ƙasan cikinsa wani abu ne daban. Kowace ƙusa an fitar da kanta da tsinin allura, layi-layi, ga ƙofofin tayoyi, ga ƴan murafai, ga zanen baƙin mai da ke tsiyaya daga wuri guda zuwa wutsiya. Wanda bai kwanta a ƙarƙashin abin shekara da shekaru ba, ba zai iya wannan ba. A cikin ramin tayar hagu kuwa an maƙala wata ƴar jar fata.

"Ka san wannan fata, Sarjan? Daga layar Suma'ila na yanko, wadda Inna ta ɗinka masa. Nan ne gefensa, hagu. Dama nawa ne. Shekara huɗu muna kwance rigingine kafaɗa da kafaɗa, mai na ɗiga mana a ido. Shi ma bai taɓa hawa tsanin ba, ba a barin irinmu. Kuma ba zazzaɓi ba ne. Yana bayan jirgi yana goge wutsiya aka tayar da inji, ba wanda ya duba. Ni na ja shi, fatar hannunsa ta biyo hannuna."

"Ƙarya kake," in ji Habu, idonsa na kan jar fatar.

"Sa ni in rantse mana, ai ka iya. Ni na ɗinka masa rigar makanike don tsohuwa ta samu abin riƙewa, na sa tawa don kada tasa ta zama ita kaɗai a yi tambaya. Ka yage tawa, to tasa ma ta yage. Sai ka hau jaki ka tafi Dogo ka gaya mata da bakinka."

Yana gama faɗa ya yi nadama, amma maganar ta riga ta fita. Ya rungumi jirginsa ya fice, bai zauna a bencin gaba ba, bai zauna a na baya ba. Ranar biki aka yi jeri babu jirgi. Kafin sati ya zagayo, Zango ta sauya masa suna zuwa Kyari Mai Tsumma, ya sauke jiragen azara duka ya zuba a buhu. Kullum yana zaune yana jiran ranar da za a ce tsohuwa ta ji.

Da kaka ta yi, wata safiya yana yanka gwangwani sai inuwa ta rufe masa aiki. Habu ne, da ƙunshin gyaɗa a kafaɗa. Bai yi sallama ba. Ya jefar da ƙunshin a bakin rumfa kamar mai jefar da mushe, yana kallon wani wuri.

"Inna ta ce a gai da makanike," in ji shi. Ya tofar da yawu a gefe, ya juya ya tafi.