Man Gyaɗa a Bakin Mahuji

"Ɗauke min wannan ƙazanta daga nan!"

Muryar Baba Gide maƙeri ce ta tsallako dangarmu ina tsakiyar matsar mai. Ikon Allah, mutumin da tari ya kwantar kwana tara! Na ajiye muciya na leƙa maƙerarsa.

An fito da shi kan tabarma. Ɗansa Harisu na riƙe da gwangwanin baƙin mai da wani direba ya ba shi a kasuwar Yankara. Ƙarfen garmar shanu ne a gabansu, huda huɗu yake so. Bakin mahuji kuwa ɗaya tal ne a garin, tsohon ya sayo a Zariya. In ya ƙone, Harisu ya koma ƙera lauje kamar kowa.

"Baba, duk masu gyaran mota da shi suke huda."

"Su je su yi ta yi. Man da ya gama yawo cikin inji, duk datti? Barakatu! Na san kina ji. Kawo man gyaɗa, na yau."

Na kawo ludayi guda ina mita. "Haba Baba, ai gara a zuba maka a fate, ko ka samu ƙarfi."

"Cikina ya gama aikinsa. Wannan bai gama ba."

Ya ce a jingina shi da turmi. Harisu na juya mahuji, shi yana tsoma gashin kaza cikin mai yana ɗigawa.

"A hankali, ba tsere ake ba. In ya yi ƙara, ƙishi yake ji. In ka ga hayaƙi, ka kashe shi."

Huda uku suka yi. A ta huɗu gashin ya suɓuce masa, wallahi sai da na kau da kai. Harisu ya miƙa hannu zai ɗauka.

"Bari," in ji shi yana haki. "Gobe ni zan ɗiga."

Washegari bayan azahar aka kai shi makwancinsa.

Ranar sadakar uku, da mutane suka watse, na ji an yi gyaran murya a jikin danga.

"Goggo, akwai na yau?"

Na miƙa wa Harisu ludayin mai. Na tsaya ina kallo. Ya tsoma gashin kazar, ya juya mahujin a hankali. Ɓawon ƙarfe ya fito dogo, a murɗe, yana sheƙi, ba ƙara, ba hayaƙi, ya faɗa kan tabarmar da ba wanda ya naɗe.